Ya Huda Farantin Kakata Saboda Rediyo

Don Allah Yaya Sakinatu ki cece ni.

Maigidana mai gyaran rediyo ne a nan Tanut. Tun da maƙwabcinmu ya kawo injin wuta, rediyo ba ta kama komai sai ƙugi. Shi ne ya sha alwashin haɗa ƙaramar anten, wato eriya, da za ta jawo tashoshi da yawa, ta ƙi ƙugin. Ya gwada waya, ya gwada bakin tukunya, in ya lanƙwasa ya ji sauƙi ya bari, in ya ɓaci ya sake. Ni dai dariya nake masa.

Rannan ya ce in ara masa babban farantina na tagulla. Na kakata ne, da shi aka kai Innata ɗaki, aka kai ni. Kunya ta sa na ce ai kayana nasa ne. Wa bai san wannan magana ta baki ce kawai ba? Wallahi da na shigo tsakar gida sai na ga ya yanke tsakiyar ya cire, ya kafa zoben bakin a kan sanda yana juya shi, yana murna ƙugi ya ɗauke. Da na yi kuka, mamaki ma ya yi, wai ba ni na ba shi ba?

Ga shi Inna ta aiko daga Gangara in tafi da farantin bikin ƙanwata Raishatu bayan Salla. Ina tunanin in ce mata an sace. Ya zan yi?

Mai Neman Mafita, Tanut

Ƙanwata, ni ma sai da na yi salati. Amma a faɗi gaskiya, mutumin nan ba mugunta ya yi ba, sana'a ce ta rufe masa ido, ke kuma kin yi kara inda ya kamata ki ce a'a. Duk da haka aro ya ce, kuma ba a sa wa kayan aro almakashi. Laifinsa ya fi naki.

Batun sata, kada ki soma. Unguwa duk ta ga zoben nan a kan sanda, labari zai riga ki isa Gangara.

Maigidanki ya sauke zoben, ya haɗa da tsakiyar ya kai wa maƙerin fari, mai aikin tagulla, a Damagaram a liƙe. Tunda ya gano zobe ne maganin ƙugin, ya sa a ƙera masa wani. Tabo zai fito a farantin, babu makawa, don haka ku je wurin Inna tare tun kafin biki, da goronsa, ya durƙusa ya faɗa da bakinsa. Inna za ta yi faɗa, wataƙila har da hawaye. Ku yi shiru ku bar ta ta yi, farantin uwarta ne.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya sa a yi biki lafiya.