Garin Manu

Litinin, 6 ga Janairu

Tun shekarar da Kogin Kwara ya yi ambaliya har ruwa ya taɓa rumfunan kasuwar Ose, ba a tambaye ni asalin wani Bahaushen Onitsha na yi shiru ba. Sai yau. Manu mai dakon albasa ya rasu, mun kai shi. Liman Sharfuddeen ya ce, "Baba, ina ne garinsu, a aika wa dangi?" Na buɗe baki, babu. Bayan Aliero ne, wannan na sani. Sunan ƙauyen ya ƙi zuwa. Na ce rana ce ta buge ni.

Laraba, 8

Wuƙa shida na wasa wa mutane yau, sana'ata ke nan. Hannu dai lafiya lau.

Alhamis, 9

'Yata Rahinatu ta kawo tuwo, ta same ni ina ta ƙirga ƙauyuka. Wai, "Baba, ƙwaƙwalwa ma wasa ta ake yi." Na ce ke, ni za ki koya wa wasawa? Wasawa ba ƙara wa ƙarfe komai ba ne. Kaifin yana ciki, dakushewar ake gogewa har ya fito. Shi ya sa ake cewa mai koyon sana'a ya wasu: abin da ma yana jikinsa. Ta ce, "To kai da me kake goga taka, tunda ka daina zama da Baba Gimba?" Bakin uwarta sak.

Juma'a, 10

Gimba. Tsohon dillalin albasa, mai gardamar tsiya. Kullum da yamma in na ce wane ɗan wane ne daga gari kaza, sai ya ce ƙarya ne, mu yi ta ja har magariba. Ranar da ya ce mini na fara ruɗewa a gaban mutane na ɗauke tabarmata. Damina biyu ke nan. Na sami hutu, ba mai musa mini.

Lahadi, 12

Liman ya sake tambaya. Kayan Manu na nan ƙulle a buhu: riguna, rediyo, da atamfar da ya saya wa 'yarsa. Can tana jiran sallah ta ga ubanta.

Litinin, 13

Na tsaya kallon mahauci yana goga wuƙa da 'yar'uwarta kafin yanka. Sau dubu na gani. Yau ban san me ya tsayar da ni ba.

Talata, 14

Manu a motar Gimba ya fara zuwa garin nan, a kan buhuna. Ba lallai Gimba ya tuna ba, shi ma kan ya tsufa. Amma in na faɗi suna ba daidai ba, ba zai iya yin shiru ba, ko zai mutu.

Gobe in an idar da asuba zan sayi goro in hau okada. Ba sulhu zan je ba. Tabarmar kuwa zan tafi da ita, don bencinsa yana cin baya.