Ƙarfen Audi Mai Haƙora Bakwai

Sakkwato, 10 ga Janairu, 1977

Zuwa ga aminina Alhaji Maigandi, a Ikko.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar nan taka? Mu nan sai godiya. Maƙwabcina Malam Ishaya, malamin makaranta, shi ke rubutawa, na kuma hana shi gyara mini magana.

Maigandi, shekara goma sha ɗaya ke nan ƙarfen mahaifina Audi yana hannunka. Ka zo rumfata da wani Baturen Italiya mai sayen jar fata, ka ce za a yi baje koli a ƙasarsu, a ba shi aron ƙarfen zanen da Audi ke buga wa gafaka, jakar fatar Alƙur'ani, duniya ta ga aikin dukawan Sakkwato. Wata uku ka ce. Matata Iyatu ta hana ni, na ce mata ba a ƙin amini gaban baƙonsa. Duk shekara ina aika maka saƙo ta bakin direbobi, kai ko sai ka aiko da goro.

Yanzu ga abin da ya sa na nemi takarda. Ɗiyata Saudatu ta dawo aikin Hajji, mijinta ɗan kwangila ya biya mata. Ta durƙusa ta miƙo mini tsaraba, jakar roba ta saka Alƙur'ani, tana murna. Na shafa bayan jakar, sai yatsana ya tsaya. Ka san ƙarfen nan tauraro ne mai haƙora takwas, ɗaya ya karye tun ina yaro, ranar da na sake shi bisa dutsen wasa wuƙa. Tauraron jakar haƙoransa bakwai, da giɓin a inda yake. Har ɓarnata sunka kwafa.

Na sa mata albarka, na ɓoye mata abin da na gani. Na kasa cin tuwo ranar.

Malam Ishaya ya karanta rubutun gindin jakar, ya ce ba a Makka anka yi ta ba, wani gari ne can gefen ƙasar Sin. Ya ɗauko taswira ya nuna mini. Ƙarfen da kafin ka karɓe shi bai taɓa wuce Wurno ba! Ka gaya mini yadda anka yi ya kai can, kuma ka maido mini abina.

Ka gaida maiɗakinka. Naka,
Na'Allah Baduku

Sakkwato, 14 ga Fabrairu, 1977

Aminina Maigandi,

Sallama da fatan alheri. Ina lafiyarka da ta yara? Ni dai idona na dama ya fara hazo, sauran jiki da sauƙi.

Ban ga amsa ba. Malam Ishaya ya ce gidan waya na jinkiri. Na ce masa shinkafar Amurka ba ta jinkiri, ga ta nan har unguwar Mabera.

Magana ta girma. Kusan duk alhajin da ya sauka bana yana da irin jakar nan. Wani ya zo rumfata, ya ɗauki gafakar da na yi tun ƙarfen yana hannuna, ya juya ta, ya yaba mini wai na iya kwaikwayon aikin Makka. Ni, Maigandi! Na karɓe abina na ce ba ta sayarwa ba ce.

Sannan dukawan layinmu, su Mamman, sun kai irin jakar wurin maƙeri ya ƙera musu ƙarfe mai haƙora bakwai. Suna bugawa a zabira, suna sayar wa masu ziyarar Hubbare da sunan zanen Makka. Ka san al'adarmu, baduku ba ya buga zanen gidan wani sai ya nemi izini. Na kai ƙara wurin Sarkin Dukawa. Ya ce za a zauna bayan Mauludi, in zo da ƙarfen ko in zo da shaida.

Wa zan kawo? Tsofaffin da sunka san hannun Audi sun ƙare. Iyatu, wadda ta naɗe ƙarfen cikin tsumma ta miƙa maka tana ɓata rai, shekararta huɗu a ƙasa, kuma ba ka zo gaisuwa ba. Ɗana Attahiru yana tuƙa wa kamfanin hanya tifa, ko warin fata ba ya so. Saura kai kaɗai.

Ba na neman komai na kowa. Soja sun ce ƙasa ta yi arzikin mai, to Allah ya sa albarka, ni ban roƙi ɗigo ba. Layi biyu nake so da sa hannunka: cewa kai ka karɓi ƙarfen a hannuna, kuma na Audi ne. In kunya kake ji don ya ɓace, na yafe ɓatan. Ka rubuto kawai.

Ina gaida kowa. Amininka tun makarantar allon da munka gudu tare,
Na'Allah

Sakkwato, 21 ga Maris, 1977

Maigandi,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya, don ba ni da hanyar sani.

An zauna ranar Alhamis a zauren Sarkin Dukawa. Na tafi da tsohuwar gafakata. Mamman ya ce wa ya san shekarunta, fata in ta sha hannu wata shida ma tsufa take. Na ba su labarin haƙorin da ya karye, har na nuna musu tabon bulalar da Audi ya yi mini a kansa. Wasu sunka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa tsoho. Da zagina sunka yi, da ya fi mini sauƙi.

Sarki ya yi mini magana mai taushi. Ya ce ba ya ƙaryata ni, amma babu shaida, kuma abin da ya fito ƙasa mai tsarki na dukkan Musulmi ne. Ya ce ni ma an yarje mini in riƙa bugawa. An yarje mini zanen ubana.

Saudatu ta ji labari ta zo tana kuka, wai ita ta jawo. Ta ce za ta ƙona jakar. Na hana ta, an riga an sa Alƙur'ani a ciki.

Ban buɗe rumfa ba tun ranar. Malam Ishaya ya ce in bar rubuto maka haka nan, in huta. Na ce ya riƙe alƙalaminsa, ni na san inda ke mini ciwo. Sarki ya ce ko yaushe shaida ta zo zai sake zama, ni kuwa idon hagu ma ya fara hazo.

Ban sani ba ko kana karantawa kana ajiyewa, ko wani ne ke buɗe takardun nan. To, kai mai buɗewa, ko ɗansa ne kai ko magatakardansa: in Maigandi ya rasu, ku gaya mini in yi masa addu'a, in san shaidata ta bi shi. In yana da rai, ku kai masa wannan har inda yake zaune, ku karanta masa da ƙarfi, ku tsaya a kansa sai ya ce i ko a'a. Wani dai a cikinku ya amsa mini.

Ni ne,
Na'Allah ɗan Audi Baduku