Ruwan Wankan Tayyiba

Suleja, tsakiyar damina.

Zuwa ga Gwaggona Daso, a Nguru.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Gwaggo, wa ya gaya miki ruwa yana sanin abin da ya dafa shi? Ki yi haƙuri, tambaya ta riga gaisuwa fitowa, kin san bakina tun ina ƙarami ba ya bin layi. Bari in koma in shigo ta ƙofa. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Malam da duk mai cin tuwon gidan. Yaya ciwon gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne, ya bar mana ke. Mu nan lafiya lau, ruwa ya zauna sosai, har ciyawa ta fito a kan katangar gidanmu. Tayyiba tana gaishe ki. Jiki ya yi nauyi, ƙafa ta ɗan kumbura, amma asibiti sun ce babu abin damuwa, watan sauka ya kusa kamawa. Na zaɓi in rubuto ne domin duk sanda na kira ki a kan maganar nan sai muryata ta tashi, ke kuma ki ce ba kya jina, ki kashe waya. Takarda dai ba ta kashewa.

Kin tuna guruf ɗin da aka buɗe a waya lokacin bikinmu, aka zuba danginmu da dangin Tayyiba na Malumfashi, aka gama biki kowa ya manta a rufe shi? A nan ne Inna Lami, yayar mahaifiyar Tayyiba, ta tambaya inda za a yi wankan jego. Kafin in gama karanta tambayar sai ga saƙon muryarki. Kika ce mai haihuwar fari ba ta wanka a bene, kika ce ruwan bango ba ya gasa jiki, sai wanda aka ga wuta tana ci a ƙarƙashinsa. Har da dariya kika rufe. Ni na san wasa ne ya fi yawa a ciki, domin ke ce da bakinki ranar Sallah kika ce mini in ba ki ruwan zafi kawai ki zo ki yi wa ɗiyarki wanka da hannunki. To mutanen Malumfashi ba su ɗauke shi wasa ba. Sun ce ai ga uwar miji ma ta faɗa, tunda ke kika goye ni, magana ta ƙare. Yanzu Almu, yayan Tayyiba, yana shirin kawo mota ya ɗauke ta, ta haihu can, ta zauna har arba'in, Inna Lami ma tana cewa in an ga jiki bai yi ƙwari ba a ƙara. Na ji saƙon nan naki sau da yawa, Gwaggo, kuma kowane ji sai in ji kamar in jefar da wayar ta taga.

Ba wai ban nemi itace ba. Na je wurin Madam Dokas, mai gidan da muke haya, tsohuwar malamar makaranta ce, na roƙe ta ta bar ni in kafa murhu a bayan gida kusa da tanki. Ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni ko ina so farin fentinta ya koma kamar ɗakin mai tuyar masa. Ta ce ko ta yarda, wa zai hau da tukunyar tafasasshen ruwa hawa na biyu safe da yamma, ni da nake fita tun asuba, ko tsohuwar da na ce za ta zo? Na so in ba ta amsa mai zafi, na haɗiye, don gaskiyarta ce. Na kwatanta gwiwarki da matakalar nan tamu mai santsi, na bar maganar murhu. Abin da ta yarda da shi shi ne hita, wato na'urar dafa ruwa da ake kafewa a bango, ruwan zafi ya riƙa fitowa ta famfo. Amma ta ce bangonta sau ɗaya za a huda, in zaɓa tun yanzu, ta lantarki ko ta gas, kada in dawo mata da na canja shawara.

Kin san ban yi nisa a makaranta ba, amma a shagon buga takardu da nake aiki a Wuse, duk abin da aka kawo in buga sai na karanta shi kafin mai shi ya dawo. Da haka na karanta takardun hitocin nan biyu daga fari har ƙarshe, har Tayyiba tana kirana injiniyan bango, tana cewa da haka nake riƙe karatun allo da yanzu ina limanci. Ta lantarkin wani farin tulu ne da ake ratayewa a saman banɗaki. Ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, tana shan ruwa ta dafa shi a hankali ta riƙe zafinsa, ko an ɗauke wuta za ta ba ki abin da ta tara. Titus, mai gyaran famfon layinmu, ita yake so, ya ce ita ce ta masu kwanciyar hankali. Na ce masa a unguwar da wuta ke zuwa kamar baƙuwar da ta yi ɓatan hanya, kwanciyar hankalin wa? In aka yi ruwa da iska, sai mu wuni mu kwana ba mu ga ƙyallinta ba. Kuma tulun in ya ƙare ya ƙare, sai a zauna jiran ya sake dahuwa. Mai jego za ta tuɓe ta tsaya ta jira masu wuta su tuna da Suleja? Ni da hannuna na taɓa tulun wani maƙwabci da safe, na ji shi sanyi ƙalau kamar randa.

Ta gas ɗin kuwa ƙaramin akwati ne, ba ta tara komai. Ana buɗe famfo sai ki ji ƙas, wuta ta kama a cikinta, ruwa ya bi ta kanta ya fito da zafinsa, kuma ba zai yanke ba muddin akwai gas a tukunya da ruwa a tanki. Tana da hatsarinta, ban ɓoye miki ba. Na karanta cewa in aka kafa ta cikin rufaffen banɗaki tana fitar da wata iska marar wari marar launi, mutum ya ji barci-barci, shi ke nan. Ranar da na karanta wannan ban iya cin abinci ba. Don haka na ce a baranda za a kafa ta, inda iska ke kaɗawa, bututu ne kaɗai zai ratsa bango ya shiga. Madam Dokas ta zo da kanta ta tsaya a barandar, ta ɗaga hannu ta ji iska, ta ce to, amma in ta ji warin gas ko sau ɗaya ni da kayana sai Gauraka neman wani gidan haya. Titus ya gwada ƙarfin ruwan da ke saukowa daga tanki ya ce zai wadatar. Tukunyar gas kuma ni zan riƙa hawa da ita a kafaɗa, ba ke ba.

Ita na zaɓa, Gwaggo, kuma saboda ke na zaɓe ta. A gaban akwatin akwai wata 'yar taga, ba ta fi idon saniya ba. In kin leƙa za ki ga harsunan wuta shuɗaye sun jeru suna rawa a ƙarƙashin ruwan. Kin ce sai ruwan da aka ga wuta tana ci a ƙarƙashinsa. To ga wuta, ga ido, zo ki gani. Ganyen darbejiya kuma akwai bishiya a bakin masallacinmu, ladan ya ce in tsinka har in gaji. Kanwa da gero na san ba za ki yarda da na Suleja ba, ki taho da naki. Sai dai in gaya miki tun yanzu, akwai Blessing a hawan ƙasa, ma'aikaciyar jinya ce, ita ke duba Tayyiba in ƙafar ta dame ta. Ta ce ruwan da ya wuce kima da kunun kanwa mai yawa suna wahalar da zuciyar mai jego, ta ga irinsu a asibiti. Hitar tana da abin murɗawa na rage zafi. Na san ke za ki murɗa sama, ita ta hawo ta murɗa ƙasa, ku yi ta yi. Wallahi ina ɗokin ganin wannan faɗan fiye da yadda nake ɗokin Sallah.

Ba ki san yadda nake ganin abin ba. Kullum da safe in motarmu ta tsaya a cunkoson Zuba, ina jingine da taga, Dutsen Zuma ya yafa gajimare har kafaɗa, sai in bar motar in dawo gida. In ga tururi yana fita ta ƙaramar tagar banɗaki yana hawa sama, yana haɗuwa da hazon ruwan sama. In ji ƙamshin darbejiya ya cika ɗaki har cikin labule. In ji ƙarar ganye a jikin mutum, fyaɗ, fyaɗ, Tayyiba tana cewa wayyo Gwaggo, ke kina cewa yi shiru raguwa, mu da muka yi a tsakar gida fa. Ni kuma ina zaune a falo da wani ɗan abu a naɗe cikin zani a kan cinyata, mai ɗumi, marar nauyi, yana motsa baki kamar mai son gaya mini wani abu ya manta. Ba na sanin mace ne ko namiji, fuskar ba ta tsayawa. Wani lokaci hancinki nake gani, wani lokaci goshin Tayyiba. Sai yaron mota ya buga ƙarfe ya ce Berger, tashar da nake sauka, in farka in ga hannuwana a buɗe, fasinjan kusa da ni yana kallona.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce ba ni da kunya, ɗan fari ba a maganarsa, namiji kan kau da kai ne ya bar wa mata. To ni ban iya ba. Ke ce kika ba ni labarin Baba, ƙaninki, ba wani ba. Kika ce da aka haife ni an kai Umma gida wanka, shi kuma ya zo ranar suna ya tsaya a zaure. Kika fito da ni kika miƙa masa, ya mayar da hannuwansa baya saboda idon mutane, ya ce bari dai a yi arba'in su dawo. Ya koma kan motarsa, aka tsinci motar a gefen hanya wajen Tafa. Kullum in kin kawo nan sai ki ce Allah ya jiƙansa, akwai kunya. Ni kuwa in na kawo nan haushi nake ji, na rasa wanda zan ji haushinsa. Shi? Ku? Zauren? Ni ma kan titi nake, Gwaggo, safe da yamma, kuma babu wanda ya ba ni takardar cewa zan kai arba'in ɗin kowa. Ba na so a ajiye mini ɗana a Malumfashi sai na cika kunya.

Tayyiba ba za ta iya faɗa musu ba. Ta gaya mini tana so ta zauna, katinta na asibiti yana nan, ta saba da masu duba ta, amma ta ce in Inna Lami ta tambaye ta, to kawai za ta ce. Ta ce magana ta manya ce, bakin da ya ɗaure shi zai kwance. Titus ya sa alama da alli a bangon baranda, na hana shi hudawa. Kullum in na fito sai in ga alamar tana kallona.

Ki gaishe mini da Baba Malam, ki ce ina neman addu'arsa. Ki gaida Yaya Hansatu da yaranta, da Kawu Ɗanjuma in ya dawo daga Gashuwa, da Iya Tabawa mai ƙosai in har yanzu tana tuna ɓarawon ƙosanta. Tayyiba ta ce in ce miki ta share ɗaki ta shimfiɗa miki katifa tun ba ki ce za ki zo ba.

Abin da nake nema ɗaya ne. Kada ki kira ni, kada ki aiko Yaya Hansatu ta lallashe ni, kada ki ce mini a kunne ai ka san zan zo. A gaban mutane kika yi maganar farko, a gabansu nake so ki yi ta biyu. Ki shiga guruf ɗin nan, ki danna, ki yi magana da muryarki yadda Inna Lami da Almu da kowa zai ji, kafin motar ta taso. In za ki zo ki yi wa Tayyiba wanka a Suleja, ki faɗa. In kuwa kin tsaya a kan a tafi da ita, shi ma ki faɗa, ki kira sunana, ki ce Muhsin, kai ma ka mayar da hannunka baya. Ina sauraro, Gwaggo. Dukanmu muna sauraro.

Wassalam.

Naki, ɗan da kika goya,
Muhsin