Mahujin da Na Ce Maka Babu

Guangzhou,
Talata, 25 ga Nuwamba, 2008.

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa, ruwan randata a tsakiyar bazara, maigidana Sabiru ɗan masuntan Wudil, mai taurin kan da ya fi ƙarfina!

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka a ɗakinka na makaranta a Harbin, ƙafafunka a kan busasshiyar ƙasa. Dakata, kada ka warware ƙarfen nan tukuna. Na san ka, hannunka ya riga ya kai kansa, idonka na ƙyalli. Ajiye shi ka fara karanta ni, don abin da ke cikin takardar ya fi abin da ke cikin kwalin nauyi.

Masoyina, na yi maka ƙarya. Shekara biyu da aurenmu ban taɓa yi ba sai makon da ya wuce. Ranar Alhamis ka kira ni kana murna, ka ce kogin Harbin ya fara daskarewa, kai da abokan karatunka za ku hau kansa ran Asabar ta mako mai zuwa ku huda ƙanƙara ku kama kifi. Ka ce tunda ina garin da ake ƙera komai, in nemo maka mahujin ƙanƙara na hannu, irin wanda ake cire mariƙinsa a ɗaura masa injin huda mai batir. Na ce to. Na kashe waya, na zauna a kan dilar kayan yara a tsakiyar kasuwar Shahe. Mutum ya yi tafiya a kan kogi? Ni ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake sayarwa a buhun dusa da azumi, kafin a kai ta gida rabi ya zama ruwa. A kanta mijina zai ɗora jikinsa?

Sai na yi dabara, dabarar banza. Ko ƙofar shago ɗaya ban leƙa ba. Washegari na kira ka na ce na zaga gari kaf, kowa na ce mini meyo, babu. A zuciyata na ce idan babu mahuji babu huda, idan babu huda sai ka zauna a ɗaki da littattafanka. Wayyo ni Saffana! Me ka ce mini? Ka yi 'yar dariyar nan taka, ka ce ba komai, ai masu zuwa da wuri suna barin ramukansu can tsakiyar kogi, sai ku taka ku je ku nemo nasu. Tun daga lokacin na daina cin abincin kirki.

Gwaggona Hajiya Yalwa, wadda muka zo sarin kaya tare, ita ta ga na zabge. Da ta matsa mini na faɗa mata komai. Ta yi salati, ta ce 'yar nan, kin toshe ƙofa kin bar masa taga. Ta yafa mayafi ta ce in tashi. Ranar Lahadi da Litinin muka yi ta yawo a layukan masu kayan ƙarfe, ina nuna hoton da ka turo, ana girgiza mana kai. Ka ga ikon Allah? Meyo ɗin da na ƙaga maka ita ta yi ta dukana a fuska, shago bayan shago, har na fara tsoron ƙaryata ta zama gaskiya. Garin da ko a sanyi mutane ke yawo da 'yar shara, wa zai ajiye kayan ƙanƙara?

Sai jiya bayan la'asar wani mai sayar da ƙugiyoyi ya kwatanta mana wani ɗaki a hawa na uku, inda ake nuna samfurin kayan da ake fitarwa ƙasashen sanyi. Mai wurin mace ce, Madam Liu, ƙatuwa, mai murya kamar ta mai tallan kifi, kuma ashe 'yar can arewa ce, kusa da inda kake. Ga mahudan jingine a bango, murɗaɗɗun ƙarafa masu tsawo har ƙirjina, kowanne da wuƙaƙe biyu a baki. Da Turancinta guntu-guntu da hannu da zane a takarda muka fahimci juna. Da ta gane cewa mijina zai hau sabuwar ƙanƙara ba shi da abin hudawa, sai fuskarta ta canja. Ta ɗauki biro ta zana kogi, ta ɗiga ɗigo a bakin gaɓa, ta ƙara wani gaba kaɗan, ta ƙara wani. Ta ce mai mahuji haka yake tafiya: ya huda a gefe ya ga kaurin ƙanƙara, ya yi 'yan taku ya sake hudawa, inda ya ga ta yi siriri ya juya. Sannan ta ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga gaɓa zuwa tsakiya, ta ce wanda ba shi da mahuji kuma haka yake tafiya, kamar makaho. Ba ta ƙarasa layin ba, ta soka biron har ya huda takardar.

Sabiru, hasken raina, ni na ɗora ka a kan layin nan. Da hannuna! Abin da na hana ka don kada ka hau, ashe shi ne idon da za ka ga hanya da shi. Da ƙasa za ta tsage a wurin da na shige.

Ka tuna ranar da ka fara haye da ni kogin Wudil, sati guda da tarewata? Na ƙanƙame bakin kwale-kwale ina ta addu'a, kana tsokanata wai 'yar birni ta ga ruwa. Amma na lura da kai. Ko da muka kusa gaɓa, inda yara ke wanka, ba ka sauke ƙafa ba sai da ka soka gora ka ji ƙasa. Na tambaye ka dalili, ka ce haka Baba ya koya muku, masunci ba ya taka inda gorarsa ba ta riga shi ba, ko da a ruwan gidansu ne. A ranar na saki jiki da kai, na ce wannan mutumin zan iya miƙa masa raina. To ina wannan mutumin ya shiga? Ruwan Wudil ya san ka, ya san kakanka. Wannan kogin bai san sunan kowa naka ba, kuma ya rufe fuskarsa.

Bari in gaya maka yadda na zaɓa, don ka san ba da ka na ɗauko ba. Da farko na nuna mafi girma, mai faɗin inci goma. Ai ka san halinmu, abin maigida ba a sayen ƙarami, Hajiya ma ta ce wannan ne na manya. Madam Liu ta yi tsaki, ta aika kasuwar kifi aka kawo ƙaton dutsen ƙanƙara, aka dire shi a ƙasa. Ta ɗaura babban a bakin inji ta miƙo mini, ta ce gwada. Na danna. Wuƙar ta ci, ta ci, sai ta cije, injin ya juyo da hannuna gaba ɗaya, na ji ƙas a wuyan hannu, na zube a kan kwalaye. Hajiya na innalillahi, Madam Liu na dariya tana shafa mini man zafi. Idan ka ga rubutuna ya karkace, dalilin ke nan, hannun a kumbure yake. Ta ce babba yana shanye batir kafin a yi rami biyar, yana murɗe hannu, kuma ramin da yake bari ƙafar mutum na iya zurmawa ciki. Ni da na zo neman abin da zai tsare ka, na tashi saya maka rami daidai ƙafarka!

Sai ta kawo mai inci shida. Da hannun hagu na riƙe, tana tallafa mini, ya ratsa ƙanƙarar sumul, garinta na fitowa kamar an kankare kwakwa. Shi na ɗauka, har da injinsa. Kuma ka rubuta wannan ka ajiye: ni Saffana, da masu shagunan kasuwar Baima ke ɓuya idan sun hango ni, ban yi ciniki ba. Abin da ta faɗa na miƙa. Hajiya ta dube ni kamar na yi saɓo.

Ga abin da ta ce in gaya maka, kuma na sa ta maimaita har sau uku. Ka cire mariƙin hannun ka sa mahaɗin da ke cikin jar leda, amma ka tafi da mariƙin, don ranar da inji ya ƙi. Akwai faifan roba da ya fi ramin faɗi, kada ka ce ado ne ka yar, shi zai tare mahujin idan ya suɓuce, kada ya nutse. Ka sa injin a kan gudu na ɗaya, ka ɗaura mariƙinsa na gefe, ka riƙe da hannu biyu, kada ka danna da ƙarfi irin naku na masu nuna ƙwanji, wuƙar ta san aikinta. Batir biyu ne. Sanyi na kashe su, don haka ka sa su a aljihun ciki, jikin ƙirjinka. Wallahi ina kishinsu.

Akwai kuma wani abu kamar matsamin ƙosai, na kwashe garin ƙanƙara daga rami. Duba mariƙinsa za ka ga na ja layi da jan farce. Idan ka huda, ka zura shi ka maƙala a ƙarƙashin ƙanƙarar. In kaurinta bai kai layin ba, ka juya. Ita ta ce santimita goma na ƙanƙara mai garai-garai, ba fara mai kumfa ba. Ni na ja layina a sha biyar, kuma ga shi na faɗa maka da bakina, don na gama da ƙarya. Biyar ɗin nan tawa ce, ka bar mini ita.

Za ka ce me ya hana in faɗa maka duk wannan a waya? Na gwada, ya rabin raina. Da safen nan na ce maka kaya na zuwa, kada ka fita sai sun iso. Ka ce to, ranki ya daɗe. Na san wannan to ɗin! Ita kake yi wa Inna idan ta ce ka rage yaji. A waya kana mayar da tsorona abin dariya, ni kuma da na ji muryarka sai in narke in manta faɗan da na shirya. Takarda ba ta narkewa. Na so in kawo kwalin da kaina, in tsaya a bakin kogin in riƙe maka riga, amma tun da aka yi wasannin Olamfik ɗin nan an ƙi ƙara wa kowa kwanaki, bizata ran Asabar take ƙarewa. Saboda batir kuma an ce kwalin ba zai hau jirgin sama ba, ta ƙasa zai bi. Masu aikawa sun ce Juma'a. Na tambaye su tabbas, suka ce Juma'a ko Asabar. Ko Asabar! Kalma biyun nan nake ta maimaitawa tun ɗazu.

Idan kana karanta wannan kafin ka fita, Allah ya ji kukana. To ga roƙona, kuma a durƙushe nake yin sa. Ban ce kada ka je ba, na daina wannan wautar, na san jinin masunta ne a jikinka, shekara guda ba ka riƙe ƙugiya ba. Ka je. Amma ramin farko a bakin gaɓa, inda ko ta fashe ruwa iya gwiwa ne. Kada ka bi sawun kowa don ya wuce lafiya. Idan abokanka suka yi maka dariya, ka ce matarka ce matsoraciya, ka ɗora mini, zan ɗauka da murna. Kifin duniya gaba ɗaya bai kai mini farcen ƙafarka ba. Wa zan yi wa faɗa in babu kai? Wa zai ce miyata ta yi gishiri yana kuma ƙari? Da wace fuska zan shiga Wudil in dubi Inna, ina sane da cewa harshena ne ya tura ka?

Ran Asabar da hantsi jirginmu zai tashi daga filin jirgin Baiyun. Daidai lokacin da za ka sa ƙafa a kan kogin nan, ni ina sama, waya a kashe, ba mai iya gaya mini komai har sai mun sauka Kano ran Lahadi. Yini da kwana zan yi ban sani ba ko ni matar aure ce. Don girman Allah, da ka dawo gaɓa, kafin ka cire safar hannu, kafin ka ƙirga kifinka, ka tura mini saƙo a layina na gida. Ba na son baiti, ba na son ban haƙuri, kalma biyu sun ishe ni: na dawo. Ina sauka zan kunna waya. Na riga na gaya wa Hajiya ta wuce da kaya, ni kam ba zan fita daga filin jirgin ba sai na gani.

Ka yafe mini ƙaryata. Tsoro ne ya haife ta, tsoron kuma sonka ne.

Taka ni kaɗai, jiya da yau da duk kwanakin da Allah ya rubuta mini, ba ni da wani sai kai,

Saffana.