A Ja wa Kawu Kunne

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba, yaya su Auta? Ni lafiya lau nake a wannan duniyar mai rana biyu, harbin kafaɗar ma ya kusa warkewa.

Don Allah ki ja wa Kawu kunne, na gaji! Labari ya iso har jirginmu cewa yana razana maƙwabta, wai 'yarsa, wato ni, tana cikin Alƙalan Daula. Mu alƙalan da muke kama mutum mu hukunta shi nan take, ba a yafe wa danginmu irin wannan laifin. Shugabana ya ce, "In ya ƙara, ke za ki kamo shi."

Ina kewar gida, Inna, amma ba da ankwa nake son dawowa ba.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki