Ramin kwal na bayan gidanmu

Laraba da dare, unguwar Waziriyya

Na dawo daga lodin siminti a gajiye, sai ga wayar Yaya Sani daga gida. Wai murfin tsohon ramin kwal na bayan gidanmu ya tsage, wata iska marar wari tana fitowa. Jiya Inna ta zubar da garwashi a wurin, wuta ta tashi ta ƙona mata hannu.

Kamfanin da ya haƙi kwal ɗin ya ce tunda sun rufe ramin sun mayar mana da filin, halas, shi ke nan, gyara na mai fili ne. Sunana ne a takardar filin.

"Ka dawo," in ji Yaya.

Ba ni da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan da nake ci-rani, in na fita ba dawowa. Na ce su kai Inna gidan Kawu. Ta ƙi, saboda awakinta.