Eriyar Baba

Talata da dare, Unguwar Boro

Ban faɗa wa kowa abin da na ji a bakin famfo ba. Maƙwabciyarmu Maman Joy ba ta san ina bayanta ba, ta ce, "Tsohon nan mai ɗaga ƙarfe sama, da wa yake magana? Ai infoman masu garkuwa ba a gane shi a fuska." Da Baba take. Wai za su kai maganar wurin 'yan sintiri.

Da yamma Baba ya kira ni bayan gida, lokacin wucewar tauraron ɗan'adam ya yi. Ta tauraron ne yake magana da mutanen nesa a rediyonsa. Ni ke riƙe masa eriya tunda hannunsa ya fara rawa. Muryar wani mutum daga Ghana ta shigo rediyon, ta ɓace.

"Rifkatu, bi tauraron a hankali. Ba ya jiran kowa."

Idan na faɗa masa abin da na ji, zai kulle rediyon a akwati, kuma tunda ya yi ritaya wannan kaɗai ke sa shi dariya.

Ban taɓa wuce gaisuwa da Maman Joy ba. Gobe zan fito da eriyar ƙofar gida, in kira ta da bakina, ta riƙe, ta ji.